Yadda Ake Zaɓen Risibar Sauti Domin Falon Gida a Kano

Idan mutum ya shiga kasuwar Sabon Gari ya ce wa mai shago yana neman risiba, abin da za a fara ɗauko masa shi ne ƙaramin akwatin nan da ake haɗawa da setilayit domin kama tashoshi, saboda abin da kalmar take nufi ke nan a bakin mafi yawan mutanenmu. Wadda ake magana a kanta a nan daban ce. Babbar na'ura ce mai nauyi, wadda masu shaguna da masu gyara suka fi kira amfilifaya, kuma bayanta cike yake da ramuka da maƙalan wayoyi. Tana karɓar hoto da sauti daga dikoda ko na'urar wasa ko kwamfuta ko talabijin, ta warware sautin da aka naɗe a tsarin Dolby ko DTS ta raba shi gida-gida, sannan ta ƙara wa kowane kaso ƙarfi ta tura shi zuwa sifikar da ta dace, ta yadda mai kallo zai ji magana daga gabansa, ƙarar mota ta gifta ta gefensa, ruwan sama kuma ya zuba ta bayansa. Sunan risiba ya samo asali ne daga rediyon da ake sakawa a cikinta tun farko, kuma har yau mafi yawansu suna kama FM, don haka wanda ya saba sauraron Freedom Radio da safe zai same ta a nan ma.

Babban kuskuren da na ga mutane suna yi shi ne fara neman wannan na'ura daga shago, inda kwali da manyan lambobin da aka buga a jikinsa suke yanke wa mai saye hukunci. Kamata ya yi a fara daga gida, domin falon da za a ajiye ta, da wutar da za ta sha, da sifikokin da za ta ɗauka, da talabijin ɗin da za a haɗa ta da shi, su ne za su nuna wadda ta dace, kuma duk wanda ya san waɗannan abubuwa huɗu kafin ya fita, da wuya a sayar masa da abin da ba ya buƙata.

Mu fara da falon. Lambobin da ake gani a jikin risiba, irin su 5.1 ko 7.2 ko 5.1.2, ƙidayar sifikoki ce. Lamba ta farko ita ce yawan sifikokin da suke kewaye da mai kallo daidai tsayin kunne, ta biyu ita ce yawan wufa, wato sifikar da take fitar da ƙugin ƙasa mai girgiza ƙirji, ta uku kuwa, idan akwai ta, ita ce yawan sifikokin sama. Tsarin 5.1, wanda Dolby Digital ya shigo da shi gidajen sinima a 1992, yana da sifika biyu a gaba, dama da hagu, ɗaya a tsakiya ƙarƙashin talabijin, biyu kuma a gefen masu kallo, sun ɗan ja baya kaɗan. Tsarin 7.1 yana ƙara biyu a bayan kujera. A nan ne ya kamata mai karatu ya ɗaga kai ya dubi falonsa da kyau: a yawancin gidajenmu, babbar kujera mai zaman mutum uku jingine take da bango, sauran kuma an jera su a gefe suna fuskantar juna domin karɓar baƙi. Idan babu fili na aƙalla mita ɗaya tsakanin bayan kujera da bango, sifikokin baya biyun nan ba su da wurin numfashi, sautinsu zai riƙa bugun ƙeyar mutum ɗaya ne maimakon ya lulluɓe ɗakin. A irin wannan falo, sifikoki biyar masu inganci sun fi bakwai na tsaka-tsaki nesa ba kusa ba.

Duk da haka ba na cewa a guji risiba mai layi bakwai, wato mai iya ɗaukar sifikoki bakwai. Yawancin na zamani suna ba da damar a karkatar da layuka biyun da suka rage zuwa wani aiki, kuma ayyuka biyu sun dace da gidajenmu. Na farko shi ne sifikokin sama na Dolby Atmos, tsarin da ya fara a sinima a 2012 ya kuma shigo na'urorin gida a 2014, wanda makamancinsa DTS:X ya biyo bayansa a 2015. Ana iya dasa sifikokin a cikin silin, kuma wanda yake kan gini ko gyara, kafin masu POP su rufe sama, ya kamata ya ja wayoyinsu tun yanzu ko da bai sayi komai ba tukuna, domin fasa silin daga baya asara ce da ɓacin rai. Akwai kuma irin waɗanda ake ɗorawa a kan sifikokin gaba su harba sauti sama ya dawo ƙasa, amma su sai da sili shimfiɗaɗɗe mai tauri wanda bai yi nisa sosai ba, silin POP ɗinmu mai hawa-hawa da ƙawar fitilu kuwa watsa sautin yake yi ta ko'ina. Aiki na biyu shi ne kai sauti zuwa wani ɗaki, abin da ake rubutawa Zone 2 a bayan na'urar. A gidan da yake da falon maigida da falon cikin gida, ana iya sanya karatun Alƙur'ani ko rediyo a ɗaya yayin da ake kallo a ɗayan. Sai dai a tuna cewa a risiba mai layi bakwai ba a samun ayyukan biyu a lokaci guda, kuma wasu tsofaffin ba sa tura sautin da ya shigo ta HDMI zuwa ɗaki na biyu, don haka a tambaya kafin a biya.

Batun wuta shi ne inda aka fi tafka asara, kuma zan daɗe a kansa. Wutar Najeriya 230V ce a kan 50Hz, irin ta Ingila da sauran ƙasashen Turai da Dubai. Wutar Amurka da Kanada kuwa 120V ce a kan 60Hz, ta Japan kuma 100V. Cajar waya da ta kwamfuta sun saba mana da cewa kowace na'ura tana karɓar kowace wuta, amma risiba ba haka take ba, domin yawancinsu suna da babbar taransifoma a ciki wadda aka naɗa domin wutar ƙasa ɗaya tak. Kayan hannu da suke zuwa mana ta Legas a gauraye suke, na Turai da na Amurka a kwantena ɗaya, kuma ana iya yanke filogin asali a sa namu mai baki uku, ta yadda ido ba zai gane ba. Na taɓa zuwa taya wani abokina haɗa tasa, na tarar ya riga ya jona ta tun kafin in iso, ɗakin yana warin ƙonanniyar waya. Da muka juya bayanta, ga 120V an rubuta ɓaro-ɓaro kusa da inda wayar wuta take shiga, kuma kuɗin da ya tara na watanni sun tafi cikin ƙiftawar ido. Tun daga ranar, abu na farko da nake yi idan an nuna mini risiba shi ne in juya ta in karanta wannan rubutu da idona, ban damu da abin da aka faɗa mini da baki ba. Idan an rubuta 220 zuwa 240V, ko 230V, ta dace da mu. Wasu samfuran da aka yi domin kasuwannin Asiya suna da ɗan maɓalli a baya na sauya wuta, to a tabbatar yana kan 220 zuwa 240 kafin a jona.

Mai shago zai iya cewa, "Alhaji, ai ba matsala ba ce, sai a haɗa maka da taransifomar rage wuta." Maganarsa gaskiya ce, amma da sauranta. Dole ƙarfin taransifomar ya zarce abin da aka rubuta risibar tana sha da tazara mai kyau, ga shi ƙarin kaya ne mai nauyi da zafi, wani lokaci har da gurnani. Na'urar da aka yi wa 60Hz kuma takan fi ɗaukar zafi a kan 50Hz ɗinmu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da yaro ko mai shara zai zare filogin ya mayar da shi kai tsaye cikin soket ɗin bango. Idan bambancin farashin bai taka kara ya karya ba, shawarata ita ce a bar ta a nemi mai wutarmu.

Daga nan sai maganar wat, wadda ita ce lambar da aka fi ruɗar mutane da ita. An saba ganin kwalayen ƙananan na'urori ɗauke da 3000W ko 5000W tare da haruffan PMPO, lambar da ba ta da wani ma'auni da kamfanoni suka yi ittifaƙi a kai. Na'urar da take shan wat ɗari daga bango ba za ta iya fitar da wat dubu biyar a kai a kai ba. Kamfanonin da aka sani a wannan fanni, irin su Denon da Marantz da Yamaha da Onkyo da Pioneer da Sony, sukan buga lambobi fiye da ɗaya a kan risiba guda, kuma sai an karanta ƙananan rubutun da ke biye da lambar ake gane ta gaskiya. Wadda za a dogara da ita ita ce aka auna da layi biyu suna aiki tare, a kan sifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta), daga 20Hz zuwa 20kHz, wato duk zangon sautin da kunne yake ji, da gurɓatar sauti ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari. Wadda ake bugawa da manyan haruffa kuwa sau da yawa an auna ta ne da layi ɗaya kacal, a kan om 6, a kan sauti ɗaya na 1kHz, da gurɓata har kashi 10 cikin ɗari, matakin da kunne ba zai jure ba. Risiba guda tana iya zama mai wat 80 a ma'auni na farko, a na biyu kuma lambarta ta kusa ninkawa.

Ko a tsakanin lambobin gaskiya ma, bambancin bai kai yadda ake zato ba. Kunnen ɗan'adam ba ya jin ƙara daidai da ƙaruwar wat. Sai an ninka ƙarfi sau biyu ake samun ƙarin desibel 3 (desibel shi ne ma'aunin ƙara), wanda ɗan ƙari ne kawai a kunne, kafin kuwa mutum ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato ƙarfi ninki goma. Saboda haka tsakanin risiba mai wat 80 da mai wat 100 akwai kusan desibel ɗaya ne tak, abin da mafi yawan mutane ba za su lura da shi ba a zaune a falo. Sifika ce take da babban tasiri a nan. Kowace sifika ta kirki tana da lambar da take nuna yawan ƙarar da take bayarwa da ɗan ƙarfi kaɗan, kuma mai desibel 90 tana buƙatar rabin ƙarfin da mai desibel 87 take buƙata domin su yi ƙara iri ɗaya. A falo matsakaici, wat 70 zuwa 100 na gaskiya a kowane layi sun isa har a yi saura. Wanda yake da katafaren falo irin na sababbin gidajen Nasarawa GRA, ko yake da niyyar ƙara girman tsarinsa nan gaba, ya nemi risiba mai ramukan da aka rubuta Pre Out, domin ta nan ake jona ƙarin amfilifaya ta daban ba tare da an sauya risibar ba.

Akwai tambayar da ake yawan yi mini: mutum yana da tsohon saitin sifikoki irin waɗanda ake sayarwa a kwali ɗaya tare da na'urar DVD, na'urar ta mutu, sifikokin suna nan lafiya, ko zai iya sayen risiba ya jona su? Amsar a mafi yawan lokuta ita ce a'a. Da yawa daga cikin waɗannan sifikoki om 3 ne, alhali yawancin risibobi an yi su ne domin om 6 zuwa 8, wasu kuma suna jure om 4. Duk lokacin da om ya yi ƙasa, sifika tana jan wuta mai yawa daga amfilifaya, sai ta yi zafi ta riƙa kashe kanta, idan aka matsa kuma ta ƙone. A duba bayan sifikar, a duba abin da aka rubuta kusa da maƙalan risibar, a tabbatar sun yi daidai. Wufar irin wannan saiti ita ma galibi ba ta da amfilifaya a cikinta, risiba kuwa sigina kawai take tura wa wufa ta waya ɗaya, ba ta ba ta ƙarfi. Wufar da ta dace ita ce mai filogin wutarta da maɓallan ƙararta a baya. Wannan tsari alheri ne, domin ƙugin ƙasa shi ne ya fi cin ƙarfi, kuma idan wufa ta ɗauke wannan nauyi, risiba takan samu sararin kula da sauran sifikoki.

Da yake magana ta zo kan sifikoki, ina roƙon mai karatu kada ya zuba duk kuɗinsa a kan risiba ya koma neman sifikoki da canjin da ya rage. Sifika ita ce kunne yake ji, kuma tana iya yin shekaru masu yawa tana aiki, yayin da risiba takan tsufa da zarar an sauya tsarin hoto. Wanda aljihunsa bai kai ba yana iya farawa da sifikoki biyu na gaba masu kyau, ya ƙara ta tsakiya, sannan wufa, sannan na gefe, domin risiba tana aiki da ko nawa aka jona mata muddin an gaya mata a cikin saitinta. Ta tsakiya ita ce take ɗauke da kusan duk maganar 'yan wasa da muryar mai sharhin ƙwallo, saboda haka kada a raina ta, kuma ya fi kyau ta fito daga kamfani da jeri ɗaya da na gaba biyun domin muryoyinsu su yi kama.

Yanzu sai ɓangaren hoto, inda tsohuwar risiba mai daɗin sauti take iya ba mutum kunya. A zauna a ƙirga abubuwan da za a jona: dikodar DStv ko GOtv ko StarTimes, risibar setilayit, PlayStation, akwatin kallon intanet, wataƙila da kwamfuta, sannan a nemi mai ramukan HDMI da suka zarce wannan adadi da ɗaya ko biyu. Idan talabijin ɗin 4K ne, dole risibar ta iya wuce da hoton 4K tare da kariyar hana satar kwafi da ake kira HDCP 2.2 ko wadda ta fi ta, wadda ta fara yaɗuwa wajen 2015, in ba haka ba hoton zai sauko zuwa ƙaramin mataki ko allon ya yi baƙi ƙirin. Haka kuma a duba ko tana wuce da HDR10 da Dolby Vision, tsare-tsaren ƙara ingancin haske da launin hoto, idan talabijin ɗin yana da su. Masu PlayStation 5 ko Xbox Series X da suke son hoton 4K a kan 120Hz, wato hoto 120 a kowace daƙiƙa, su ne suka fi buƙatar HDMI 2.1, kuma su sani cewa wasu risibobin farko da suka fito da shi a 2020 sun zo da matsala wajen wuce da wannan hoto daga wasu na'urori, har sai da kamfanonin suka yi gyara daga baya. Wanda kallonsa labarai ne da ƙwallo da fina-finai ba shi da dalilin biyan kuɗin 8K.

Tunda yawancin talabijin na yanzu suna da YouTube da Netflix a cikinsu, sautin yana buƙatar hanyar dawowa daga talabijin zuwa risiba. Wannan hanya ita ce ARC, wadda ta zo da HDMI 1.4 a 2009, da sabuwarta eARC mai faɗi, wadda take ɗaukar cikakken sauti irin Dolby TrueHD ba tare da an matse shi ba. Dole ramin da ke jikin talabijin da wanda ke jikin risiba duka su kasance da wannan rubutu. Wannan kuma shi ne mafitar wanda ya samu tsohuwar risiba mai inganci a farashi mai sauƙi: sai ya jona duk na'urorinsa a talabijin kai tsaye, hoto ya tsaya can, sauti kaɗai ya gangaro ta ARC ko ta siririyar wayar haske da ake rubuta Optical a raminta. Wayar hasken tana ɗaukar Dolby Digital da DTS na 5.1, amma ba ta ɗaukar Atmos. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya cewa mafi yawan abin da muke kallo, daga shirye-shiryen Arewa24 zuwa fina-finan Hausa da ake ɗorawa a YouTube, sautinsu na layi biyu ne. Risiba tana da tsarin da yake baza irin wannan sauti zuwa duk sifikoki, kamar Dolby Surround da DTS Neural:X, kuma yana taimakawa ƙwarai wajen tattara magana a sifikar tsakiya, amma ba zai ƙirƙiro abin da ba a naɗa ba tun asali.

Bluetooth da Wi-Fi da manhajojin waya irin su HEOS na Denon da Marantz ko MusicCast na Yamaha abubuwa ne masu daɗin amfani, kuma kusan duk sababbin risibobi suna da wasu daga ciki. Ba su isa su zama dalilin fifita wata a kan wata ba.

Abin da ya isa ya zama dalili shi ne tsarin daidaita sauti da ɗaki. Falukanmu na tayil ne da bangon siminti da tagogin gilashi, kuma duk waɗannan suna mayar da sauti kamar yadda madubi yake mayar da haske, shi ya sa magana take cakuɗewa a wasu gidaje komai tsadar kayan. Risibobin zamani suna zuwa da ƙaramin makirfo wanda ake ajiyewa inda kan mai kallo yake, sai na'urar ta riƙa fitar da wata ƙara daga kowace sifika tana auna nisanta da ƙarfinta da yadda ɗakin yake sauya ta, sannan ta yi gyara. Denon da Marantz suna amfani da Audyssey, Yamaha tana da YPAO, Onkyo tana da AccuEQ, Pioneer tana da MCACC, wasu masu tsada kuma suna da Dirac Live. Wanda zai sayi ta hannu ya dage a ba shi makirfon da rimot ɗinta na asali, domin makirfon wani kamfani ba ya ba da awo daidai a na'urar wani, kuma akwai saituttukan da ba a kaiwa gare su sai da rimot. Ranar da za a yi awon, a zaɓi lokacin da unguwa ta yi tsit, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, kuma kada a yi shi janareta yana ruri a bayan taga. Amma ko mafi kyawun waɗannan tsare-tsare ba zai yi aikin da kafet mai kauri a tsakiyar falo da labule mai nauyi za su yi ba.

Ranar sayayya, a tuna cewa ba a cinikin biri a sama. A tafi da abin da za a gwada ta da shi, a nemi a jona sifika a kowane layi ɗaya bayan ɗaya, domin risiba tana iya yin waƙa da layuka biyu na gaba alhali na tsakiya ko na gefe ya mutu. A gwada kowane ramin HDMI da hoto na gaske, saboda allon da yake kula da HDMI yana daga cikin sassan da suka fi ɗaukar zafi da saurin lalacewa a tsofaffin risibobi, kuma samun madadinsa a nan gari aiki ne ja. A bar ta tana aiki na aƙalla rabin sa'a, domin wasu matsalolin ba sa bayyana sai ta yi ɗumi. A leƙa ta ramukan iskar da ke samanta da fitilar waya, a duba ko akwai tsatsa ko alamar ƙuna ko dalma sabuwa, a kuma duba kusoshin murfinta ko an sha kwance su. A ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da lambar samfuri da lambar jikin na'urar, a kuma yi yarjejeniya a rubuce kan kwanakin da za a iya dawo da ita idan ta nuna aibi. Mai shagon da ya amince da kayansa ba ya ƙin wannan.

Bayan an kawo ta gida, zafi da ƙura da rashin tsayuwar wuta su ne abokan gabarta. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, risibar da aka cusa cikin rufaffen kabad ko aka ɗora wa dikoda a ka za ta riƙa kashe kanta tsakiyar kallo. Wasu kamfanonin suna ba da shawarar a bar fili na santimita 30 a sama da 20 a gefe da baya, kuma a yanayinmu wannan shi ne mafi ƙaranci. Da hunturu a riƙa rufe ta da ƙyalle idan tana kashe, a cire shi gaba ɗaya kafin a kunna. A sa mata sitabilaiza mai ƙarfin da ya wadaci ita da wufa, wadda take ɗan jinkirtawa kafin ta saki wuta idan an dawo da ita. Mai sola ya tabbatar inbatarsa irin mai tsabtatacciyar wuta ce, wadda ake rubuta "pure sine wave" a jikinta, domin ɗaya nau'in yana sa taransifomar risiba gurnani da zafi, ya kuma kunna tsarin tattalin wuta da ake kira Eco idan risibar tana da shi. Da damina, idan hadari ya haɗo da tsawa, a zare filogi a kuma zare wayar setilayit daga dikoda, saboda tartsatsin aradu yana iya biyo wannan waya ya ratsa ta HDMI ya ƙona duk abin da ke jone. Kuma kada a taɓa fara sabunta manhajar cikin risiba sai an tabbatar wutar ba za ta yanke a tsakiya ba.

Wajen jan wayoyi, wayar tagulla zalla mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta isa ga sifikokin gaba, a yi amfani da 2.5 ga na gefe masu nisa, a kuma kiyayi wadda cikinta alminiyom ne aka shafa masa ruwan tagulla. A tabbatar ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, kuma babu silin waya ko ɗaya da ya zarce ya taɓa maƙwabcinsa. Bayan makirfo ya gama awonsa, a shiga saiti a duba: idan akwai wufa, a sanya sauran sifikokin a matsayin ƙanana, a ajiye iyakar da ake miƙa ƙugin ƙasa ga wufa a kan 80Hz, a ɗaga ta zuwa 100 ko 120 idan sifikokin 'yan ƙanana ne sosai. Sannan a nemo tsarin kallon dare, wanda a na'urori masu Audyssey ake kira Dynamic Volume, yana rage tazarar da ke tsakanin raɗa da fashewar bam domin a ji magana ba tare da an ƙure ƙara ba. Ƙugin wufa yana ratsa katanga fiye da kowane sauti, kuma a unguwanninmu da gidaje suke manne da juna, ga masallaci a kusan kowane layi, haƙƙin maƙwabci yana kan wanda yake riƙe da rimot. A daren farko, mutum ya kunna ta a matakin da yake so, ya fita ƙofar gida ya tsaya ya saurara, sannan ya dawo ya sanya wa risibar iyakar ƙarar da ba za ta wuce ba, domin yawancinsu suna da wannan saiti, kuma yana aiki ko da yara ne suka ɗauki rimot ɗin.